Wadi Hanifa kyauta ne, to motar fa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Riyad, da masu kallonmu daga gida. Wannan koren kwarin da kuke gani, ga dabino ga ruwa yana gudana, a cikin birnin Riyad yake. Sunansa Wadi Hanifa, sunan ƙabilar Banu Hanifa da suka zauna nan tun kafin zuwan Musulunci. Tsawonsa ya kai kilomita 120, ya ratsa yammacin gari, ya bi ta Dir'iyya inda daular Saudiyya ta farko ta kafu. Babu ƙofa, babu mai yankan tikiti. Ka zo da dardumarka, ka shimfiɗa, ka zauna.

Da ba haka yake ba. Lokacin da kuɗin mai ya shigo Riyad ta yi ta faɗaɗa, a nan ake haƙar yashi da duwatsun gini, a nan ake jibge ɓaraguzai, ruwan kwatamin gari ma nan yake gangarowa. A 2001 hukumar raya birnin ta sa hannu. Aka kwashe shara, aka dasa itatuwan da suka saba da zafin Najd, yankin da Riyad take, aka yi hanyoyin ƙafa da wuraren zama na dutse, kowane iyali da ɗan lungunsa. Abin da ya fi burge ni shi ne tace ruwan: ana bi da shi ta jerin gurabe na duwatsu, gansakuka da ƙananan halittu da kifaye su cinye dattin. A 2010 aikin ya ci kyautar Aga Khan ta fannin gine-gine.

To me ya kawo zancen kuɗin ajiye mota? A 2024 aka soma tsarin Mawaƙif ar-Riyad, wato biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi, a wasu unguwannin tsakiyar gari. Minti 15 na farko kyauta, daga nan riyal 3.45 kowace awa, har da haraji a ciki. Ka biya ta manhaja ko ta injin bakin titi, in ka ƙi kuma mukalafa, wato tara, ta same ka. A kan titin kasuwanci, gaskiya ina ganin hikimarsa. Mutum ya kafa motarsa gaban shago tun safe har dare, mai saye ya yi ta zagaye, ƙarshe ya tsaya a tsakiyar hanya ya kunna fitilar haɗari, titi ya toshe. Kuɗin awa shi ke sa wannan ya tashi wancan ya shiga.

Shi ya sa tambayar take yawo a bakin mutanenmu: in tsarin ya ci gaba da faɗaɗa, har wuraren hutawa zai kai? Yau dai kana ajiye motarka a gefen kwarin ba wanda zai ce ka kawo ko halala ɗaya.

Ga inda lissafin yake bambanta. Mai shago so yake ka saya ka tafi. Wurin hutawa kuwa don ka daɗe aka yi shi. Ku dubi yadda muke yin kashta, wato fita shan iska da iyali, ranar Juma'a a lokacin sanyi. A iso bayan La'asar, a sauke kula da tukunyar kabsa, wata ta zo da tuwo da miyar kuka don kewar gida, a ɗora shayi. A yi Magariba cikin jam'i a kan darduma, a ci abinci, a yi Isha'i, yara na guje-guje har goman dare. Awa biyar ke nan. Da farashin cikin gari za a ɗora, riyal 17 da 'yan kai ne mota ɗaya. Iyalinmu kuma ba sa shiga mota ɗaya, sai biyu. A wata guda an haura riyal 130. Ga direban gida ko lebura mai tura kuɗi Kano ko Maraɗi duk ƙarshen wata, ga sabunta igama (takardar izinin zama) a gabansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ba ya iya kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya. Kwarin nan shi ne falonsa, shi ne tsakar gidan 'ya'yansa da suka yi kwana shida a cikin ɗaki biyu.

Masu goyon bayan biya suna da hujja, kada mu raina ta. Ban ruwa kuɗi ne, share bandaki kuɗi ne, kwashe gawayi da ledar da muke bari kuɗi ne, kuma wallahi wasu lokutan abin da muke bari a wurin yana ba ni kunya. Akwai ma lambuna a Riyad da ake shiga da tikiti, kamar na Sarki Abdullah a Malaz. Sukan ce mai mota ya biya, mai ƙafa ya shiga kyauta.

A garin da ake tafiya a ƙasa, maganar ta yi. Amma Riyad wa yake taka ta da ƙafa? Manyan tituna sun yanka ta ko'ina, zafin bazara ya wuce digiri 40. Jirgin metro ya fara aiki a Disambar 2024, layi shida, riyal 4 na awa biyu, kuma ya rage wahala ƙwarai. Sai dai uwa mai goyo da yara huɗu da darduma da tukunya ba za ta bi jirgi zuwa gindin dabino ba. A nan, kuɗin ajiye mota kuɗin shiga ne da aka sauya wa suna.

Ni a ganina, in cunkoso ya tilasta sai an tsara wurin, a bar awoyin farko kyauta yadda iyali za su ci su yi salla, a tsananta wa masu hawa kan shuka da mota. Maganar za ta sake tasowa a lambun Sarki Salman, mai faɗin murabba'in kilomita 16, da ake ginawa a tsohon filin jirgin soja a tsakiyar gari.

In za ku fita wannan Juma'ar kuka tsaya sayen burodi da gawayi a Ulayya ko Sulaimaniyya, ku duba allon bakin titi kafin ku kulle mota. Minti 15 ɗin nan ya isa, in an bar yara da babba a ciki an shiga an fito.