Lacca: Lafiyar jariran da aka samu ta dashen ɗan tayi

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata da 'yan'uwa, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Likita, ɗan kwalba yana rayuwa kamar kowa?" Wato jaririn da aka haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, sannan aka dasa ɗan tayin a mahaifa. Yana yi. Ta farko a duniya, Louise Brown, an haife ta a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, da nauyin kilo 2.6. Ta girma, ta yi aure, ta haihu da kanta ba tare da dashe ba. Kuma don Allah a daina cewa a kwalba ake rainon cikin. Kwana uku zuwa biyar kawai ɗan tayin yake yi a ɗakin gwaji, sauran watannin a mahaifar uwarsa ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne tagwaye. Mace ta shekara goma tana jira, kishiya na goyo, miji ya sayar da fili ya biya kuɗin aiki. Sai ta kama hannuna ta ce, "Likita, a sa mini 'yan tayi uku, in huta gaba ɗaya." Wallahi ina tausaya mata. Amma fiye da rabin tagwaye bakwaini ake haifar su, kafin mako 37, da yawansu ba su kai kilo biyu da rabi ba. Huhu bai nuna ba, ba ƙarfin kama nono, ga shawara, ga sanyi. Na tsaya a kan jaririn da cinyarsa ba ta fi babban yatsana kauri ba, an ɗauke wuta, muna jiran a tayar da janareta. Ita ma uwar, hawan jini da jijjiga sun fi kama mai tagwaye.

A Birtaniya, a da kusan ɗaya cikin huɗu na haihuwar dashe tagwaye ne ko 'yan uku. Da suka koma sa ɗan tayi guda, sauran a daskarar da su, abin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin goma.

Ko guda ɗaya aka sa, haɗarin haihuwa kafin lokaci ya ɗan ɗara na cikin da aka samu a gida. Wani ɓangare na dalilin shekarun uwa ne da ainihin larurar da ta hana haihuwar tun farko. Saboda haka awo ba fashi, kuma tun kafin a yi dashen ku tambaya: asibitin da zan haihu yana da ɗakin bakwaini?

Hajiya a can na ga kin ɗaga hannu, bismillah.