Garin da ake taje wa rago gashi a Arewacin Ingila

Jama'a assalamu alaikum. Don Allah ku dubi wannan ragon. Bari in matso da kyamarar ku gan shi da kyau. Gashin nan da kuke gani yana zubowa har gwiwa, a nannaɗe kamar an kwance wa mace kitso, ba ɗora masa aka yi ba, nasa ne. Matar da ke riƙe da shi tun ɗazu take bin jikinsa da yatsu tana ware gashin sili-sili, sannan ta ɗauko tsumma ta goge masa fuska da kunnuwa. Rago fa! Ni a gidan da ake turke raguna duk shekara na tashi, na yi yankan ciyawa, na jiƙa dusa da kanwa har na gaji, amma ban taɓa ganin inda aka mutunta dabba haka ba.

Nan Masham ne, wani ɗan gari a Yorkshire ta Arewa. Mutanensa ba su fi dubu da 'yan ɗari ba, amma dandalin kasuwarsu ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba. Yau ko'ina a cikinsa an kakkafa shingayen katako, kowane shinge da tumakinsa. Duk shekara idan kaka ta yi, wajen ƙarshen Satumba, suna yin bikin tumaki na kwana biyu, Asabar da Lahadi. Daga Bradford muka taso da safe ni da abokina, muka bi ta Harrogate da Ripon. Shi ya kawo mota, ni na zuba mai, fam ashirin ya tafi ban ma ji ƙararsa ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai, na zagaya ko'ina ban ga dillali ko ɗaya ba. Ba mai riƙo maka hannun riga, ba "saya nawa", ba "albarka", ba la'ada. Wanda ya san Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ya san yadda wurin dabbobi yake, ƙura da ihu da rantsuwa. Nan kuwa mutum zai tsugunna gaban tunkiyarsa ya riƙe mata haɓa, ya gyara mata tsayuwar ƙafafu, ya yi shiru. Sai wani dattijo mai hular hana sallah ya zo, shi ne alƙali. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya danna gadon baya, ya taɓa cinya, ya ware gashi ya leƙa har fata, ya sa a sake ta ta ɗan taka. In ya gama sai ya miƙa wa wanda ya ci wani ƙyalle ja da aka naɗe shi kamar fure. Alamar cin gasar ke nan. A ƙasar nan ja ne na ɗaya, shuɗi na biyu. Na ga wani tsoho ya karɓi ja, bai yi tsalle ba, bai ma yi dariya ba, gyaɗa kai kawai ya yi, amma hannunsa rawa yake yi lokacin da yake maƙala shi a shinge.

Da can kasuwa ce ta gaske. Garin ya samu izinin cin kasuwa daga sarki tun wajen 1250, kuma manyan gidajen ibadar Kirista da ke kusa, Jervaulx da Fountains, su ne masu garkunan tumaki na wancan zamanin. An yi lokacin da ake sayar da tumaki har 70,000 a shekara a wannan dandalin, dalilin faɗinsa ke nan. Daga baya cinikin ya koma wuraren gwanjo, kasuwar ta mutu. Sai a tsakiyar shekarun 1980 wata mata, Susan Cunliffe-Lister, ta tayar da bikin, kuma kun san don me? Don a tara wa manoman Afirka kuɗi lokacin fari da yunwa. Wallahi da na ji wannan sai jikina ya yi sanyi. Farin 1984 iyayenmu har yau suna ba da labarinsa, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. Ashe a daidai lokacin wasu makiyaya a nan suna fito da tumakinsu saboda mu. Har yanzu kuɗin da ake tarawa ƙungiyoyin agaji ake ba wa, amma na yankinsu.

To bari in nuna muku iri-iri. Wannan mai kitson sunan irinsa Wensleydale, ku lura da fuskarsa, shuɗi-shuɗi take. Duk irin nan daga rago ɗaya suka fito, ana ce masa Bluecap, an haife shi a 1839. Ku ji fa, sun san shekarar haihuwar rago, ni kuwa kakana ba wanda zai iya faɗa maka tasa, sai dai a ce shekarar fara. Wannan kuma mai baƙar fuska da farin hanci da murɗaɗɗen ƙaho Swaledale ne, na kan tudu, sanyi da ruwa ba sa damunsa. Kansa ne tambarin Yorkshire Dales, gandun shaƙatawa na ƙasa da ke yankin nan. Ga kuma wadda aka sa wa sunan garin, Masham, ita haɗi ce: uba Teeswater, uwa Dalesbred ko Swaledale. Wancan gajeren mai faɗin ƙirji da ba shi da wuya Texel ne, asalinsa Holan. Ni dai bai yi min kyau ba ko kaɗan, amma nama ne zalla. A 2020 an sayar da ɗan rago irinsa a Lanark ta Sikotland a kan fam 367,500. Kada wanda ya juya shi zuwa naira, hawan jini zai kama shi.

Amma fa in faɗi gaskiya, a tsayi da kwarjini ba wanda ya kama ƙafar Balami a nan. Ko ɗaya. A kawo Balami fari tas mai dogon kunne, ko Uda mai rabi baƙi rabi fari, a tsayar da shi tsakiyar dandalin nan, na rantse sai an bar kallon kowa an zagaye shi. Na ciro waya na nuna wa wani makiyayi hoton ragon da yayana ya turke bara, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ɗan maraƙi ne? Na ce rago ne. Sai ya tambaye ni waye ubansa. Nan na tsaya. A kasuwa aka saye shi, wa ya san ubansa? Shi kuwa kowace tunkiya tasa da lamba a kunne, da rajista, zai lissafa maka uwa da kaka da kakan kaka. Kuma abin da yake ci min rai ke nan. Mu mafi kyawun rago shi muke yankawa ranar Sallah, sau da yawa bai bar baya ba, shekara ta zagayo mu sake shiga kasuwa neman wani. Su mafi kyawun shi ne ba a taɓawa, shi ake biya a kai wa tumaki. Fulaninmu sun san jinin shanunsu sarai, a ka suke riƙe da shi, amma mai turke a cikin gari ƙiba kawai yake nema.

Shi ya sa ma bikin yake faɗowa a kaka. Yanzu ne lokacin zaɓen rago. Da yawansu suna sakin raguna cikin tumaki wajen 5 ga Nuwamba, ciki wata biyar ne, sai haihuwa ta faɗo farkon Afrilu lokacin da sabuwar ciyawa ta fito. Har fenti suke shafa wa ragon a ƙirji, duk tunkiyar da ya hau sai alama ta fito a bayanta, a san wadda ta samu da wadda ba ta samu ba. Dabara ce mai sauƙi, ba ta buƙatar ko sisin gwamnati.

Ku ji wani abin kuma. A kan tuddan nan akwai makiyaya ta kowa da kowa, ba shinge, amma kowane garke ya san iyakar wurinsa. Uwa ce take koya wa 'yarta, ita ma ta koya wa tata. In aka sayar da gona da garken ake sayarwa, don baƙuwar tunkiya ba za ta san wurin ba. Shi ya sa annobar ciwon baki da kofato ta 2001 ta yi musu ciwo sosai. An kashe dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya, kuma garken da aka shafe ba kuɗi ne kawai ya tafi ba, har da sanin dajin.

Gashin kuma, kada kyansa ya ruɗe ku. Bradford da nake zaune da ulu aka gina ta, manyan gine-ginen nan baƙaƙe duk kuɗinsa ne. Yau na tumakin tudu sau da yawa ba ya biyan ladan mai askin, ga shi dole a aske su duk shekara ko tsutsa ta shiga jikinsu. Amma je ki rumfar masu saƙa, Hajiya, ki ji farashi. Na ɗaga wata hular sanyi na ga fam talatin da biyar, na mayar da ita a hankali na gyara mata zama. Namu tumakin da ba su da ulu Allah ya hutar da mu.

Kun ji ƙararrawa? Masu rawar gargajiya ne, Morris suke ce mata. Manyan mutane da furfura, sun ɗaura ƙararrawa a ƙwauri suna kaɗa farin hankici suna buga sanduna, ko kunya babu. Akwai kuma jerin gwano da wani ya yi shigar Bishop Blaize, wanda masu sana'ar ulu suka ɗauka waliyyinsu. Can baya a fili kare ne yake kora agwagi da fito kawai, mai shi yana tsaye wuri ɗaya. Kare ɗaya yana aikin yara biyar. Tseren tumakin kuwa dariya ce zalla, mutum ne yake gudu da bokitin abinci suna bin sa, wata ma ta tsaya tsakiyar hanya tana kiwo abinta ana ta yi mata ihu.

Yanzu wanda zai zo, ya saurare ni. Abinci dai ka tambaya kafin ka sa a baki. Ƙamshin gasasshen naman da ke tashi can alade ne sukutum, kuma garin nan kamfanonin giya biyu gare shi, Theakston tun 1827 da Black Sheep tun 1992, don haka har cikin miyar nama suna zuba ta. Ni dankali da shayi na tsaya a kai, shayin ma fam uku, ruwa-ruwa, ba ko citta. Ka taho da dardumarka, ba masallaci, mu a gefen mota muka yi azahar, ba wanda ya ko kalle mu. Takalmin roba dole ne, farin takalmin abokina ya riga ya zama tarihi. In ka bi ta gona ka ga ƙofa a rufe, ka rufe ta bayanka, a nan wannan babban laifi ne a wurin manomi.

Sannan masu cewa in sayo musu rago mu yanka a bayan gida da Sallah, ku rufa min asiri. Ko tunkiya ɗaya za ka ajiye a ƙasar nan sai ka yi wa wurin rajista, duk motsinta da takarda, in ka shigo da sabuwa kwana shida ba dabbar da za ta fita sai dai zuwa mayanka. Layya a mayankar da hukuma ta amince ake yin ta, ka karɓi namanka a leda. Ba babbaka, ba kamun ƙafa, ba yara suna rigima a kan wutsiya. Abin da ya fi sa ni kewar gida ke nan duk shekara.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, motar haya kuma ranar Lahadi sai addu'a, don haka ku nemi mai mota. Hanyar siririya ce, katangar dutse hagu da dama, in tarakta ta shiga gabanka sai haƙuri. Ga hadari can ya haɗo ta yamma, abokina yana ta yi min alama da makulli. Bari in je in ga zagayen ƙarshe na Wensleydale mu kama hanya kafin duhu. Sai mun haɗu a na gaba.