Yaro Mai Mura da Wasiƙar Makaranta a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci daga birnin Birmingham. Yau raina a ɓace yake, kuma abin da ya ɓata shi wata wasiƙa ce da makarantar ɗana ta aiko mini, inda aka sanar da ni cikin irin ladabin nan nasu mai ƙona zuciya cewa zuwansa makaranta ya gaza abin da ake buƙata, don haka suna son mu zauna su ji yadda za su taimaka mini. Yaron nan ba yawon buɗe ido muka tafi da shi ba, ba kuma biki muka je ba. Tari da mura ne suka sa shi a gaba tun shigowar sanyi, ni kuwa duk safiyar da na ga hanci na zuba kuma ƙirji na kukan tari, sai in ce ya koma ya kwanta, domin abin da aka koya mana ke nan a ƙasar nan ba da daɗewa ba.

Waɗanda suke nan lokacin korona ba sa buƙatar tuni. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka sake rufe su a Janairun 2021, kuma ko bayan an buɗe, da zarar yaro ya fara tari a aji sai a kira uwarsa ta zo ta ɗauke shi, a yi masa gwaji, wani lokaci ma gidan gaba ɗaya ya kulle kansa. Uwar da ta kuskura ta kawo ɗanta yana tari bakin ƙofar makaranta, harara daga sauran iyaye kaɗai ta ishe ta hukunci. A ƙarshen 2022 kuma ƙwayar cutar maƙogwaron nan da ake kira Strep A ta yi ajalin yara da dama, tsoro ya dawo sabo. To, bayan mun haddace wannan darasi, sai aka juya allo. A watan Satumba na 2023, babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, mutumin da muka saba ganin fuskarsa a talabijin yana roƙonmu mu zauna a gida, ya sa hannu tare da shugabannin ƙungiyoyin likitoci a kan wata wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantu, wadda ke cewa ɗan tari, ko zubar majina, ko ƙaiƙayin maƙogwaro, ba su isa su hana yaro zuwa aji ba, matuƙar zafin jikinsa bai kai 38 a ma'auni ba.

Na san dalilinsu, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. A nan, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na lokutan karatu ana sa shi a jerin masu yawan fashi. Kafin annobar, irin waɗannan yara ba su wuce kusan kashi 11 cikin 100 na ɗalibai ba, amma a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 sai da suka haura kashi 22, wato adadin ya ninka. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake lissafin. Shekarar karatu kwana 190 ce, amma ba a jira ta ƙare kafin a buga lissafi, don haka a zangon farko, lokacin da kwanakin da aka yi ba su da yawa kuma lokacin ne cututtukan sanyi ke yawo, rashin lafiyar mako ɗaya ta isa ta jefa zuwan yaro makaranta ƙasa da kashi 90 cikin 100, na'ura kuma ta fitar da wasiƙa ba tare da ta san ko kwana ya yi yana amai ba.

Sai ga batun tara. Tun daga Agustan 2024, fashin da makaranta ba ta amince da shi ba, idan ya kai kwana 5 cikin mako 10 na karatu, yana iya jawo tarar fam 80 a kan kowane mahaifi, a kan kowane yaro, kuma idan aka wuce kwana 21 ba a biya ba ta zama fam 160. Rashin lafiya ba ya cikin abin da ake ci wa tara, amma fa sai an sanar. Saboda haka ina jan kunnen sababbin zuwa: kada ki yi irin ta gida, ki ce idan ya warke ya koma zai yi wa malam bayani da bakinsa. Ki kira ofishin makaranta da sassafe, ki faɗi takamaiman abin da ke damunsa, gobe ma ki sake kira.

Abin dariyar shi ne, wannan sabuwar shawara da aka rubuto da sa hannun farfesoshi ita ce muka tashi a kanta a Zariya ba tare da wasiƙa ba. Da hunturu ajinmu gaba ɗaya tari yake yi, kuma ban taɓa jin an ce wani ya zauna a gida don mura ba. Mahaifiyata takan ɗora bayan hannunta a goshina, idan ba ta ji zafi ba sai ta dafa mini citta da kanumfari, ta shafa mini man zafi a ƙirji, ta ce in ɗauki jakata. Har yau ban ga ma'aunin da ya fi wannan hannu ba, ko da yake na sayi nawa fam 9 a kantin magani domin a nan lamba ake tambaya, ba a tambayar yadda uwa ta ji. Sai dai akwai inda muka saɓa da su ƙwarai. A wurinmu mai ciwon idon Afolo ko kallonsa ba a son yi, balle a zauna benci ɗaya da shi, amma a ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS jan ido ba ya hana zuwa makaranta, haka ma kwarkwata. Ƙarambau ne suke cewa a tsare yaro har sai ƙurajen duk sun bushe, abin da yakan ɗauki kamar kwana 5, amai ko gudawa kuwa sai an cika awa 48 da tsayawarsu.

Wannan ƙa'ida ta awa 48 ita kaɗai ce ba na jayayya da ita, domin a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma na ga yadda ciwon ciki da yaro zai warke daga shi cikin kwana biyu yake kayar da dattijo. Amma ranar da na zauna jinya, doka ta ba ni damar zama, ba ta tilasta wa mai aikin ya biya ni ba, kusan fam 100 ke nan ta tafi, ga shi babu kaka ko gwaggo a kusa da zan ajiye mata shi. Wannan ne ya sa wasu iyaye suke ɗura wa yaro Calpol, maganin saukar da zazzaɓi na yara, da safe su tura shi, zafin ya ɓuya har a gama kiran suna. Kada ki fara, 'yar uwa, domin kafin azahar maganin zai sake shi, a kira ki daga wurin aiki, sannan ya riga ya raba wa rabin ajin abin da yake ɗauke da shi.

Gargaɗin da ya fi damuna kuma namu ne mu kaɗai. Idan kun kai yara gida hutu kuka dawo, sai yaro ya yi zazzaɓi, ko da bayan makonni ne ko watanni, kada ku bari maganar mura ce kawai ta ruɗe ku. Likitan nan ba zazzaɓin cizon sauro ne zai fara faɗo masa a rai ba, sai kun buɗe baki kun gaya masa ƙasar da kuka je da lokacin da kuka dawo, kun kuma nemi a gwada jininsa a ranar, makaranta ta rubuta duk abin da ta ga dama a rajistarta.