Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Majami'ar St. Bartholomew, Wusasa

Mai Girma Minista, ranka ya daɗe. A madadin Bishop, limamai, dattawan ikilisiya da jama'ar Wusasa baki ɗaya, muna yi maka barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Kukanmu guda ne: a gyara rufin tsohuwar majami'ar nan kafin ruwan fari ya sauka.

A 1929 ne mishan na CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, ya taso daga birnin Zariya, inda Dakta Walter Miller ya zauna tun 1905, ya sauka nan kusa da dutsen Kufena. Majami'ar da aka gina ginin ƙasa ce irin ta Hausa. Tubali da azara aka sa, aka ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen bakan gini, ya ɗauki rufi, sana'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya. Makarantar wannan harabar ce ta yaye Janar Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu, ga asibitin St. Luke yana ta jinyar Kirista da Musulmi. Duk da haka baƙi kan zo su ɗauki hoto su yaba, damina kuwa ta same mu mu kaɗai.

Ranka ya daɗe, ginin ƙasa daga sama yake mutuwa. Da zarar indararo ya toshe, ruwa sai ya kwanta a soro, ya bi 'yar tsaga ya jiƙa kan azarar da ke binne cikin bango. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma danshi yana ruɓar da ita, in kuwa ta ruɓe bakan ya fara sunkuyawa. Masu cewa a shafe shi da siminti a huta, muna roƙo kada a saurare su. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta narke ta baya, wata rana ya ɓamɓaro da fuskar bangon gaba ɗaya.

Aikin da ake bukata sananne ne. A kankare tsohon yaɓe, a duba kan kowace azara, a sauya ruɓaɓɓu da na namijin giginya, a gyara gangaren soro ya fuskanci indararo. Sannan a yi sabon yaɓe da birji, wato ƙasar gini, da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ya ruɓa, a rufe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Tubali kaɗai sai ya sha rana kamar mako biyu, saboda haka dole a fara cikin rani.

Muna kuma son a ɗauki matasa su koya a hannun tsofaffin magina, domin sun yi ƙaranci ƙwarai. Amma rufin ne kan gaba, ranka ya daɗe. Idan ruwan Agusta ya same shi a haka, gyaran baɗi zai kai ga bakan gizon kansa. A taimaka a saki kuɗin aikin tun yanzu.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya.