Tauraron da Ba Ya Ƙyaftawa

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Katsina ta Dikko ɗakin kara. Ina tare da Malam Kabir da Anti Hajara. Malam, akwai labarin da ka fara ba mu kafin a kunna na'ura, na ce a ajiye shi don jama'a.

Malam Kabir: Wato ran Laraba bayan magariba muna zaune ƙofar gida da Baba, na duba waya na ga saura minti uku tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta gifta ta kanmu. Na ce Baba ɗaga kai ka dubi yamma. Can sai ga wani haske ya taso ta saman bishiyar bedi, fari tas kamar Zara, yana tafiya a natse.

Hajara: Bai ce jirgi ba ne?

Malam Kabir: Abin da ya fara faɗa ke nan. Na ce Baba jirgi fitilarsa ƙyaftawa take, ga ƙara. Wannan shiru, kuma hasken ba nasa ba ne. Mu nan rana ta faɗi, shi kuwa yana can sama wajen kilomita 400, rana na dukansa. Da na ce akwai mutane a ciki, sai ya ajiye carbinsa a kan tabarma, ya bi shi da ido har ya ɓace ta gabas. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To su waɗannan bayin Allah, yaya suke gane lokacin salla?"

Hajara: Ai tambayar ta malamai ce. Tashar nan tana zagaye duniya cikin kusan minti 90, gudunta ya kai kilomita 28,000 a awa. A kwana guda suna ganin fitowar rana sau 16.

Nura: Ikon Allah. To ya ake yi?

Hajara: An taɓa zama a kan wannan. A watan Oktoban 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tashi daga Baikonur ta Kazakistan zuwa tashar ana ƙarshen azumi. Malaman ƙasarsu suka rubuta masa jagora: ya bi lokacin wurin da ya tashi, alƙibla kuma ya fuskanta iya iyawarsa. A can ya yi ƙaramar salla. Kuma ba shi ne Musulmi na farko ba, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya tun 1985.

Malam Kabir: Na gaya wa Baba haka. Kin san shi a rediyo ya ji saukar su Neil Armstrong a wata a 1969, kuma bai taɓa yarda ba. Ni ban matsa masa ba, don gani ya kori ji. Shi abin da idonsa ya gani ya ishe shi.

Nura: Ni kuwa da korona abin ya kama ni. Kuna tuna 30 ga Mayun 2020? Mako guda bayan salla, kowa na gida. Kamfanin SpaceX zai ɗauki mutum biyu, Bob Behnken da Doug Hurley, daga Florida zuwa tashar, karon farko da aka harba mutane daga ƙasar Amurka tun 2011. Kwana uku kafin nan na zauna na ƙone data, saura minti 17 aka ɗage saboda hadari. Ran Asabar ɗin, ƙarfe takwas da minti 22 na dare agogonmu, ni da ƙannena huɗu mun haɗa kai a kan waya ɗaya. Da aka fara ƙirga goma, tara, takwas, ƙaramarmu ta riƙe hannuna gam. Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayan kamar minti tara, gindin rokar ya juyo ya sauka a tsaye kan wani jirgin ruwa a tsakiyar teku.

Hajara: Ni gabana faɗuwa yake in ana ƙirgar nan. Na karanta abin da ya faru da kumbon Challenger na Amurka a 1986, daƙiƙa 73 da tashi ya tarwatse da mutum bakwai, har da malamar makaranta, ɗalibai suna kallo. Ni ma malama ce, Malam Nura, shi ya sa ba na kallon harbawa kamar wasan ƙwallo.

Nura: Gaskiya ne. Amma akwai masu cewa, muna fama da tsaro da tsadar masara, ina ruwanmu da sama?

Hajara: Ba na raina wannan magana, mai jin yunwa yana da hakkin faɗinta. Sai dai hasashen damina da manomi ke jira daga tauraron ɗan'adam ake samun bayanansa. Kuma Najeriya na da hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta harba tauraron NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Abin da ke ci mini rai shi ne a ajina akwai yarinyar da ta tambaye ni me ya hana tashar faɗowa. Na ɗaure dutse da zare na juya shi a gabansu, na ce faɗowa take yi kullum, gudunta ne ya sa ƙasa ke kauce mata. Washegari ta zo da tambaya shida a bayan littafinta. Kuma ba mu da ko madubin hangen taurari guda a makarantar.

Malam Kabir: To Anti, ki tara su ranar da za ta sake giftawa. Akwai manhajar NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai suna Spot the Station, ki sa Katsina, za ta ba ki rana da minti da kusurwa. Ba a bukatar madubi, a dai samu fili nesa da fitilun titi.

Hajara: Sai na nemi izinin iyaye, tunda bayan magariba ne.

Malam Kabir: Ki gayyato iyayen ma. Baba ya riga ya ce a tashe shi ko da asuba ne, kuma zai kira liman ya gani.

Nura: Masu sauraro, wanda ya hango ta daga Daura ko Funtuwa ya aiko mana da saƙon murya, za mu sa a shiri na gaba. Sai mun ji ku.