Fitilar ABS ta kama, rewaya ya ce a cire ƙwan

Assalamu alaikum jama'a. Hayaƙin da kuke gani yana fita daga bakina ba sigari ba ce, sanyin Bradford ne. Yau da ɓacin rai na kunna kyamarar nan. Da asuba ƙanena ya turo mini hoton dashbod ɗin Corollarsa daga Samaru, fitilu uku a kunne: ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa in an taka birki da ƙarfi), ta VSC (mai hana mota zamewa), da ta inji. Wai rewaya ya ce kar ya damu, haka Beljiyam suke, ya kawo a cire musu ƙwai. A cire ƙwai fa! Gyaran gangar Abzinawa ke nan. A nan Ingila, motar da ta shekara uku sai ta je gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara, kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85, kuma da fitilar ABS a kunne ta faɗi. Ka cire ƙwan ma ta faɗi, domin mai gwajin sai ya ga ta kama ta mutu da idonsa.

To ku ma ku riƙa yin haka, musamman in za ku sayi mota. Murɗa makulli zuwa ON, kada ka tayar da inji. Duk fitilun su kama, ta ABS ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta: ko an cire ƙwan, ko an liƙa baƙin salatif ta ciki.

Launi za ka fara dubawa. Jar nan mai da'ira da alamar motsin rai a tsakiya, ko mai rubutun BRAKE a motocin da aka kawo daga Amurka, ita ce ba a wasa da ita. Duba birkin hannu, ko bai sauka duka ba. In ya sauka, buɗe bonet ka kalli robar man birki, tsakanin MIN da MAX ya kamata ya tsaya. Man birki ba ya ƙonewa kamar na inji. In ya yi ƙasa, ɗayan biyu ne: ko takalman birki sun cinye, fistan ya fito ya ja man, ko kuma akwai yoyo. Leƙa bayan kowace taya ka ga ko da jiƙa, ka bi tiyo da bututu. Takalmi in ya kai milimita 3, canza shi. In ka taka birki ka ji ƙafarka tana nutsewa a hankali, Malam, ajiye motar nan inda take, ka hau Keke. Irin man birkin da aka rubuta a murfin robar shi za ka zuba, DOT 3 ko DOT 4. Kada ka kusanci DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man DOT 3 da DOT 4 yana shan ruwa daga iska: sabon DOT 4 sai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa wajen 155. Shi ya sa ake zubar da shi duk shekara biyu, abin da ban taɓa ganin an yi a garejinmu ba sai in birki ya riga ya ƙi.

Ta ABS ruwan ɗorawa ce. Ita kaɗai in ta kama, birkinka na nan, sai dai in ka taka da ƙarfi tayoyi za su ƙulle su ja. A busasshiyar kwalta ba za ka gane ba. Ranar da ruwan Agusta ya sauka kana gangarowa Kwangila, tirela a gaba, ɗan acaɓa a gefe, ranar za ka san amfaninta. Kai, na tuna Kwangila da daddare, ƙamshin tsire da hayaniyar 'yan kamasho, nan kuwa ƙarfe huɗu duhu ya yi. To. In ja da ta ABS suka kama tare, rabon birki tsakanin gaba da baya ne ya tsaya, tayoyin baya na iya ƙullewa su juya maka mota. Wannan ba ta hawa hanyar Kaduna.

Mafi yawan lokaci laifin na sansar taya ne. Kowace taya tana da ɗaya, tana ƙirga juyawarta daga wani zobe mai haƙora a kan shaf, ko maganaɗisun da ke jikin boris. A nan gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ke cinye zoben, ya tsage. A gida kuwa laka ce, da rami, da makanike da ya bar wayar tana lilo taya ta goge ta. Ga wanda ya fi ba ni haushi: a canza boris, a buga shi a juye, gefen maganaɗisu yana kallon waje. Ko a sa shaf ɗin gwanjo mai haƙoran da ba su kai na asali yawa ba. Fitila ta kama tun kafin ka fita daga garejin, a ce maka kwamfutar motar ce. Sansa fam 25 na saya, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita.

Mai hoton mota tana santsi ɗin nan, Toyota na ce mata VSC ko TRAC, Honda VSA, Marsandi ESP. In tana ƙyaftawa aiki take yi, taya ce ta zame, sassauta totur. In ta tsaya cak, duba ko gwiwarka ta danna maɓallin kashe ta. Kuma Toyota da yawa, da zarar fitilar inji ta kama, sai su kunna VSC tare, ko da sansar iskar salansa ce ko murfin tanki bai ɗauru ba. Gyara na inji, ta mutu da kanta. Tana kuma kamawa bayan an yi alaimen ba a saita sansar sitiyari ba, ko mai faci ya sa maka taya ɗaya da ta fi sauran girma.

Kafin ka kashe ko kobo, auna batir. Mota a kashe wajen bolt 12.6, inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Batir mai rauni yana kunna fitilu barkatai. Duba fis ɗin ABS. Ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki, in jajayen fitilun ba su kama ba, mai yiwuwa ƙaramin suwicin da ke saman fedar ne. Sannan a sa kwamfuta, amma ba 'yar ƙaramar nan ta waya ba, yawancinsu lambobin inji kawai suke karantawa, masu farawa da P. Na birki da C suke farawa. A Toyota irin ta ƙanena, C0200 sansar tayar gaba ce ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. Na ce masa ya je Sabon Gari ya nemi mai injin da ke karanta ABS, ya ɗauki hoton lambar ya turo mini kafin kowa ya goge ta. Bari in shiga ciki, yatsuna sun daskare.