Amsoshin Tambayoyinku: Me ke hana jirage yin karo a sararin sama?

Assalamu alaikum, masu sauraro. Wasiƙun wannan makon sun karkata ga jirgin sama, shi ya sa muka kai su gaban matuƙa da jami'an kula da zirga-zirgar jirage.

Wani Alhaji daga Garwa ya ce a hanyarsu ta dawowa daga Jidda ya leƙa taga, sai ya ga wani jirgi ya gifta ƙarƙashinsu kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Yana tambaya ko kuskure aka yi.

Alhaji, da wuya kuskure ne. Tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, tazarar da doka ta sa tsakanin jirgi da na ƙarƙashinsa ƙafa 1,000 ce, wajen mita 300. Afirka ta shiga wannan tsari a Satumban 2008, da can ƙafa 2,000 ce. Mai nufar gabas yakan bi 33,000 ko 35,000, mai nufar yamma 34,000 ko 36,000. A Kamaru da Chadi hukumar ASECNA ce ke raba musu hanya, kuma aikin ba ƙarami ba ne, don a saman Chadi jiragen alhazai ke yanke hanyar masu zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Wata Malama daga Marwa kuma cewa ta yi: to in jami'in ƙasa ya yi kuskure, ko rediyo ya yanke fa?

Malama, a nan ne Tikas (TCAS), na'urar hana karo da ke cikin jirgi, ke shigowa, kuma ba ta jiran kowa a ƙasa. Dokar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta wajabta ta ga jirgin da ya haura kilo 5,700 ko mai ɗaukar fasinja sama da 19. Tana aika tambaya a mitar megahaz 1030, tiransfonda, wato na'urar amsa kira ta kowane jirgi da ke kusa, ta amsa a 1090. Daga lokacin da amsar ta ɗauka take gane nisa, a cikin amsar kuma akwai tsayin da jirgin yake. Amma daƙiƙa take ƙirgawa, ba kilomita ba, domin jirage biyu da suka tunkari juna kowanne da gudun kilomita 900 a awa suna cinye rabin kilomita a daƙiƙa guda. Kafin ido ya tantance ɗigon da ke gaba, an riga an haɗu.

Idan ya rage daƙiƙa 20 zuwa 48 kafin a haɗu, alamar ɗaya jirgin a allo takan zama da'ira ruwan ɗorawa, murya ta ce akwai jirgi kusa. A nan matuƙi ba ya juya komai, ido kawai yake bazawa, hannu a shirye. Idan ya rage 15 zuwa 35, alamar ta koma murabba'i ja, sai umarni: hau, ko sauka, ko daidaita. Daƙiƙa 5 gare shi ya fara, ya kai allurar ma'aunin hawa da sauka cikin kore, galibi ƙafa 1,500 a minti. Ba fizga ake yi ba, fasinjan da ke riƙe da kofin shayi nauyi kaɗan zai ji a kujera. Na'urorin jiragen biyu sun riga sun daidaita tsakaninsu: in ta wannan ta ce hau, ta wancan sauka za ta ce.

Wani direban babbar mota daga Ngaundare ya ce me ya hana a kauce dama ko hagu kamar a titi? Malam, na'urar ta fi ƙwarewa a auna tsayi da nisa fiye da auna ɓangaren da jirgi yake. Shi ya sa umarninta sama ne ko ƙasa kawai.

Sai wani ɗalibi daga Njamena: in jami'i ya ce sauka, na'ura ta ce hau, wa za a bi?

Na'ura, ɗan samari, kuma da rayuka aka sayi wannan amsa. Daren 1 ga Yulin 2002, a saman Uberlingen da ke kudancin Jamus, jirgin fasinja na Rasha samfurin Tupolev 154 da jirgin kaya na DHL samfurin Boeing 757 suka tunkari juna. Tikas ta ce wa na kaya ya sauka, ya sauka. Ta ce wa na fasinja ya hau, amma jami'i, wanda bai san abin da na'ura ta faɗa ba, ya umarce shi da sauka, suka bi jami'i. Mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara. Yanzu ƙa'ida a fili take: a bi na'ura, a sanar da jami'i, shi kuma ya dakata da ba jirgin umarni har a ce masa an kuɓuta. Sabon tsarin na'urar mai lamba 7.1 yana juya umarni in ya ga ɗayan ya saɓa, kuma a nan daƙiƙa biyu da rabi kacal matuƙi yake da su.

Ɗalibin ya ƙara da tambayar ko akwai abin da take kasa gani. Akwai. Jirgin da tiransfondarsa ke kashe, a wurinta babu shi. Haka ta faru a Brazil ranar 29 ga Satumban 2006, inda ƙaramin jirgi ya yanke fiffiken Boeing 737, mutum 154 suka mutu ba tare da na'urar ko ɗaya ta yi motsi ba. Ƙasa da ƙafa 1,000 daga doron ƙasa kuma ba ta ba da umarni, kada ta tura jirgi cikin tudu. Takan kuma yi ƙara ba gaira ba dalili idan jirgi na hawa da sauri zuwa tsayin da aka ba shi alhali wani na samansa, don ba ta san zai tsaya ba. Maganin wannan, matuƙi ya rage hawa zuwa ƙasa da ƙafa 1,500 a minti a ƙafa 1,000 ta ƙarshe. Inda rediyon ƙasa ke da rauni a Afirka kuwa, matuƙa kan sanar da juna inda suke a mitar 126.9, su kuma ɗan goce dama da tsakiyar hanya, mil ɗaya ko biyu.